Neman shawara: jarumin abokina ya mutu a teburina, yana cewa na zalunce shi

Jagora Sabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya san dokokin rauni da warkewa na wasan labarin nan da ake yi a teburi da dais, wato Dungeons & Dragons ya tsaya ya karanta wannan, domin abin ya tsaya mini a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Mu biyar ne muke wasa, duk ranar Asabar bayan La'asar, a zauren gidan yayana. Ni ne jagora, mai ba da labari da sarrafa dodanni da yanke hukunci. Na koyi wasan ne lokacin kullen korona a 2020, ta kallon bidiyo, daga baya na sauke dokokin nan na kyauta na kai shagon buga takardu aka buga mini aka ɗinke. Dais ɗinmu saiti ɗaya ne tal, wani ɗan uwanmu ya kawo mana tsaraba, shi muke zagayawa da shi. Wanda abin ya shafa abokina ne tun muna firamare, unguwarmu ɗaya, mahaifiyarsa ta ɗauke ni kamar ɗanta. Shi ne ya fara ba ni ƙwarin gwiwa lokacin da kowa ke cewa wannan wasan yara ne. Shi yake kawo teburin roba daga gidansu, shi yake sayo zoɓo, shi ya jawo sauran mutum ukun. Jaruminsa wani tsoho ne mai sihiri, ya sa masa suna Tanko. Ya rubuta masa tarihi shafi guda cur, cewa 'yarsa ta ɓace a wani ayari, yana yawon nemanta gari-gari. Har hotonsa ya zana da fensir, da gemunsa da sandarsa da wata tsohuwar jaka. Ni kuma na riga na tsara cewa nan gaba za su gano inda yarinyar take, na rubuta garin da sarkin garin da komai.

To ranar Asabar da ta wuce suna cikin wani kogo, suna mataki na 3, sai suka haɗu da dodon nan Ogre. Tanko cikakken jininsa, wato makin ransa, 17 ne, amma a lokacin saura 5. Na jefa wa dodon d20, wato dais mai fuska 20, a gaban kowa, ta faɗa a 20, bugun kiritikal ke nan mai ninka dais ɗin rauni. Na jefa 4d8, wato dais mai fuska 8 sau huɗu, na ƙara 4, ya tashi 26. Na ce Tanko ya mutu nan take. Abokina ya ce ba haka ba ne, ai sai ya yi jifan tsira sau uku. Mai warkarwa ya ce zai tashe shi da sihirin warkarwa na Healing Word. Na ce gawa ba ta jin wannan. Abokina ya naɗe takardarsa ya fita, ko sallama bai yi ba. Na kira bai ɗauka ba, saƙo ma yana gani ba ya amsawa. Jiya na haɗu da ƙanensa ya ce wai ya ce da gangan na yi.

Tambayata: daidai na yi ko kuwa? Kuma Asabar mai zuwa me zan ce wa mutane?

Ɗan Autan Mama:

Wa'alaikumus salam. Allah ya kyauta. Kai dai ka je gidansu da ƙafarka, ka bar zancen waya. Dokar kuwa bari manya su zo.

Baban Khalil:

Ƙanena, kwantar da hankalinka, daidai ka yi ɗari bisa ɗari. Na fara wannan wasa tun bugu na 3.5 ina ɗalibi a Maleshiya, na jagoranci teburi iri-iri, don haka saurara.

Dokar bugu na biyar a fili take. Idan duka ya kai mutum sifili, sai a duba abin da ya yi saura. In ragowar ta kai cikakken jininsa ko ta wuce, ya mutu, babu suma, babu jifan tsira. Kai yi lissafi: 26 a cire 5, saura 21. Cikakken jininsa 17. 21 ta fi 17. Magana ta ƙare. Jifan tsira na wanda ya faɗi ne ragowar ba ta kai ba. Shi ne zai riƙa jefa d20 duk sanda layi ya zo kansa, 10 zuwa sama ya tsallake, ƙasa da haka ya faɗi, tsallakewa uku ya tsira, faɗuwa uku ya tafi. In ya jefa 1 faɗuwa biyu ce, in ya jefa 20 ya farka da jini 1. Abokinka ya haddace wannan ya manta da ta farkon.

Kuma bari in faɗa maka gaskiya, 'yan wasan yanzu an shagwaɓa su. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, jininka ya kai sifili ka mutu ke nan, ka ɗauko sabuwar takarda. A tsohon AD&D (ɗaya daga bugun farko-farko na wasan) jini 1 kake samu a kwana guda na hutu, mutum ya sha sara sai ya yi makonni a kwance. A 3.5 da muka yi, kana gangarawa ƙasa da sifili, kowane zagaye kana zubar da 1, ka kai 10 ƙasa da sifili an gama. Yanzu kuwa mutum takobi ya ratsa shi, ya yi barcin awa 8, ya tashi garau kamar ba a taɓa shi ba. Duk da wannan gatan, a ce mai sihiri da jini 5 ya tsaya inda kulkin dodo zai same shi? Laifin wa? Kada ka kuskura ka dawo da shi. Ranar da ka janye mutuwa ɗaya, babu wanda zai ƙara jin tsoron dodonka.

Anti Zee:

Sannu da ƙoƙari ƙanena. Lissafin Baban Khalil daidai ne in dai lambobin nan su ke nan. Amma ka ba mu tarihin zoɓo da teburi, ka tsallake abin da ake buƙata. Wane bugu na biyar ɗin kuke bi, na 2014 ko gyararren 2024? Me ya kai shi jini 5, kuma sun huta kafin su shiga wajen dodon? Sannan akwai jinin aro, wato ƙarin maki na wucin gadi, a kansa, daga sihiri ko daga wani abokin tafiya? Amsa mini waɗannan kafin kowa ya yanke hukunci.

Mai Takobi Biyu:

Ni dai duk inda na ji jagora ya ce "a gaban kowa na jefa" sai gabana ya faɗi. Haka wani ya yi mini. Mun sami saɓani a waje kan kuɗin mai, da muka zauna wasa duk wani dodo ni yake bi. Na faɗi sumamme, maimakon kyarkecin ya koma kan waɗanda ke saransa, sai ya ce ya ci gaba da cizona. Kun san wanda ya suma in aka buge shi daga kusa, cikin ƙafa 5, bugun kiritikal ne kai tsaye, faɗuwa biyu ke nan. Cizo biyu ya gama da ni, ko dais ban taɓa ba. Duk bisa doka ya yi, babu inda ya karya. Jarumin da na raina tun daga mataki na 1 har na 6. Har yau ba ma gaisawa da kyau. Dais ba ta zaɓar wanda za a buga, jagora ne yake zaɓa. Kai me ya sa dodon ya bar mayaƙi ya nufi tsoho?

Jagora Sabo:

Yaya Mai Takobi, wallahi babu komai tsakanina da shi. Tanko ne ya ƙona dodon da wuta, kuma shi ne ya fi kusa, domin mayaƙin ya zagaya baya. Dabba in ka ƙona ta kai za ta bi.

Anti, takardun da na buga tun 2020 ne, don haka na 2014 ke nan. Shi abokina a waya yake duba sihirinsa, ban san wanne yake gani ba. Maganar hutu kuwa, sun yi faɗa da gobilin a bakin kogo, a nan ya sha kibau. Suka ce za su yi dogon hutu a ciki. Na ce to. Wajen awa huɗu da kwanciyarsu na sa gobilin biyu da suka gudu suka dawo, aka yi ɗan faɗa, zagaye uku. Sai na ce hutu ya lalace, babu wanda ya sami komai. Suka ce ba za su sake kwanciya a nan ba, suka nausa ciki. Ni a ganina kogon maƙiya ba masauki ba ne. In na bar su suna barci duk inda suka ga dama, ina wahalar take?

Anti Zee:

To ka ga inda gizo ke saƙar. Ba a kulkin dodo matsalar ta fara ba, a hutun nan ne.

Na farko, a dokar 2014 abin da ke rushe dogon hutu shi ne aikin wahala na aƙalla awa guda, tafiya ko faɗa ko sihiri da makamantansu. Zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne. Zagaye uku daƙiƙa 18. Ina daƙiƙa 18 ina awa guda? Da sun koma sun kwanta sun cika awa 8, da kowa ya tashi da cikakken jini, da rabin dais ɗin warkewarsa, waɗanda ake jefawa a hutu don maido da jini, sun dawo.

Na biyu, mu ɗauka ma hutun ya rushe. Mutanen nan sun yi awa huɗu a kwance babu abin da ya taɓa su. Gajeren hutu awa ɗaya kawai yake buƙata. Ke nan tun kafin gobilin su dawo sun cancanci kashe dais ɗin warkewa. Mai sihiri a mataki na 3 yana da d6 guda uku. Tunda cikakken jininsa 17 ne, ina zaton ƙarin ƙarfin jikinsa 1 ne, to kowace jifa da ƙarin 1. A matsakaici zai sami 13 ko 14, wato ya cika ko ya kusa. Da jini 17 ya tari bugun 26, ragowa 9 ce, suma kawai zai yi, mai warkarwa ya tashe shi daga nesa, domin Healing Word tana kaiwa ƙafa 60.

Gyararren 2024 ma ya fito da abin ɓaro-ɓaro: faɗa yana katse dogon hutu, amma in an riga an huta awa guda ana samun amfanin gajeren hutu, kuma ana iya ci gaba da dogon a ƙara awa ɗaya. Ko ta wace hanya ka bi, bai kamata su tashi hannu rabbana ba.

Baban Khalil:

Hajiya, da girmamawa, ban yarda da wannan karatun ba. Awa gudan nan ta tafiya ce. Faɗa kuwa ko na ƙiftawar ido ne ya rushe hutu. Wane ne zai yi faɗan awa guda a wannan wasa? Zagaye 600 ke nan. In haka ake nufi, ambaton faɗan ma ba shi da amfani. Kuma ke da kanki kin ce gyararren 2024 ya ce faɗa yana katsewa, ashe abin da ake nufi ke nan tun asali.

Gajeren hutu kuma, ɗan wasa ne zai buɗe baki ya ce zan kashe dais ɗina. Jagora ba uwar kowa ba ce. Suna da takardunsu a gabansu. Ba su nema ba, ba a ba su ba.

Anti Zee:

Yallaɓai, ya ce musu "babu wanda ya sami komai". Wa zai nemi abu bayan jagora ya rufe ƙofa? Su ma sababbi ne, a wajensa suka koya.

Jagora Sabo:

Anti, ba su ce gajeren hutu ba, dogo suka ce. Ni abin da suka nema shi na yanke hukunci a kai. Kuma ko da jini 5 ne, babu wanda ya tilasta musu shiga ciki. Na ma kwatanta musu ƙasusuwa a ƙasa da wari da ƙaton sawu. Ƙofar kogo a buɗe take, da sun koma gari.

Ummu Sihiri:

Ni abin da ya ja hankalina mai warkarwan ne. Yana ina abokinsa ke yawo da jini 5? Amma ba zan zarge shi ba, domin ni ma wannan aikin nake yi a teburinmu, kuma na gaji. A mataki na 3 gurbin sihiri, wato damar yin sihiri kafin dogon hutu, shida ne gare ka gaba ɗaya, huɗu na matakin farko, biyu na na biyu. Sihirin warkarwa na Cure Wounds a tsohuwar doka 1d8 ce da ɗan ƙari, dodo kuma bugunsa na yau da kullum 13 ne. Ka kashe gurbi ka ba mutum 7, a buge 13, me ka yi? Shi ya sa duk mai warkarwa da ya san kan wasa yake jira sai mutum ya faɗi sannan ya tashe shi, tunda babu ƙasa da sifili, jini 1 ma ya isa ya miƙe ya yi faɗa. Mutanena kullum suna min tsiya wai ina rowa. Mayaƙinmu yana da Second Wind, dabarar maido wa kansa jini, 1d10 da matakinsa, kyauta, yana dawowa da gajeren hutu, amma sai ya manta da shi ya juyo yana kirana. Ɗan taurinmu kuwa in ya fusata sara da suka da duka rabi suke kama shi, shi ma ni yake jira. Kwalbar magani zinari 50 ce, 2d4 da 2, babu mai saye, kowa sulke yake tara wa kuɗi. Wannan dabarar jiran faɗuwa tana aiki har ranar da aka sami mai ƙaramin jini da bugun kiritikal, sai a ce mai warkarwa ne bai yi aikinsa ba.

Abu Sumayya:

'Yan uwa ku yi haƙuri, ba don in ɓata muku zance ba. Ni abin da ke damuna dais ɗin kanta. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi gargaɗi mai tsanani kan wasan nardashir, wani tsohon wasan allo da ake jefa dais, kuma malamai da yawa sun shigar da wasan dais a ciki. Ga shi har ta raba abokai biyu. Na daina wasa da ita saboda wannan, muna jan kati mai lamba daga jaka. Ku tambayi malamanku.

Ɗan Autan Mama:

Malam, Allah ya saka da alheri, magana ce babba kuma ta cancanci zaman kanta. Amma ko kati suka ja, 20 ɗin za ta iya fitowa, rigimar tana nan.

Anti Zee:

Ƙanena, ba ka amsa tambayata ta uku ba. Jinin aro.

Jagora Sabo:

To, shi abokina yana cewa ya yi False Life, sihirin da ke ba da jinin aro. Na san ya ambata, amma ni a tunanina tun kafin su shiga kogo ne, kuma awa ɗaya take yi, ta daɗe da ƙarewa. Shi ya ce bayan faɗan dare ya yi, da suka tashi za su shiga ciki. Lokacin ana ta surutu, an kira Magariba, mun tashi mun dawo. Na duba takardarsa kafin ya naɗe, babu inda ya rubuta. Wurin jinin aro fari fat yake. Ni da abin da ke rubuce nake aiki.

Anti Zee:

Innalillahi. Ai wannan ita ce maganar gaba ɗaya, ka bar ta sai yanzu.

Jinin aro shi ake fara ci kafin na jiki. False Life a dokar 2014 tana ba da 1d4 da 4, wato mafi ƙaranci 5, mafi yawa 8. Ɗauki mafi ƙarancin. 26 a cire 5 na aro, saura 21. A cire 5 na jikinsa, saura 16. Cikakken jininsa 17. 16 ba ta kai 17 ba. Ko mafi munin jifa ya yi, Tanko bai mutu ba, suma ya yi, da tazarar maki ɗaya. Shi ya sa abokinka ya ji zafi haka, ina jin ya yi wannan lissafin a kansa yana tafiya gida.

Ga wani abu kuma. Ka ce a waya yake karanta sihirinsa. In gyararren 2024 yake gani, a can False Life 2d4 da 4 ce, kuma ba a ɗaure ta da awa guda ba, jinin aron yana nan har a cinye shi ko a gama dogon hutu. Kai kuma da bakinka ka ce dogon hutu bai kammala ba. Ke nan a littafinsa, ko da rana ya yi ta, in kibau ba su cinye ba tana nan. Kuna zaune teburi ɗaya da littafi biyu, kowa yana da gaskiya a nasa.

Baban Khalil:

Duk wannan "in" ce da "da". Abin da ba a rubuta ba babu shi. A teburina in ka yi sihiri ba ka soke gurbinsa a takarda ba, ba ka yi ba. In ba haka ba kowa zai riƙa tuno sihiri bayan ya ga lambar da ta kashe shi. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Kuma littafin jagora shi ne littafin teburi, wayar wani ba hujja ba ce. Ƙanena, tsaya a kan bakanka. In abokin kirki ne zai huce. Ka ce ya yi sabon jarumi, ka ba shi 'yar Tankon ma in yana so, ta fito neman wanda ya kashe ubanta. Labari ya ƙara daɗi.

Mai Takobi Biyu:

"Zai huce." Haka aka ce da ni.

Na Gidan Paizo:

Duk wannan rigima tsarin D&D ne ya jawo. Ku koma ɗaya wasan irin wannan, Pathfinder bugu na biyu, wanda ya fito a 2019. A can in ka faɗi kana shiga halin mutuwa mataki 1, in kiritikal ne mataki 2, ka kai 4 ka tafi. In aka tashe ka kana ɗauke da tabon rauni, faɗuwa ta gaba daga sama za ka fara. Babu wannan faɗi-tashi da Ummu Sihiri ke kuka da shi. Dokokin ma kyauta suke a intanet. Na daɗe ina faɗa a nan babu mai saurarona.

Ummu Sihiri:

Mutum gidansa na ci da wuta kana tallan fili.

Ƙanena, ga hanya ba tare da ka janye hukunci ba. Revivify, sihirin tayar da wanda ya mutu yanzu-yanzu, ba ta taso ba, sai mataki na 5, kuma cikin minti ɗaya da mutuwa ake yin ta da lu'ulu'un zinari 300. Amma mai warkarwa a mataki na 3 yana iya Gentle Repose, ɗan gishiri da kwabo a kan kowane ido, gawa ba za ta lalace ba har kwana 10, kuma kwanakin ba sa shiga lissafin wa'adin tayar da matacce. Su ɗauki Tanko su nemi babban mai warkarwa a birni da zai yi Raise Dead, sihirin tayar da matacce. Lu'ulu'un zinari 500 ake buƙata, su ci bashi ko su yi wa wani aiki. Zai dawo da ragin 4 a jifansa, kowane dogon hutu ragin na sauka da 1. Mutuwa ta yi tsada, abokinka bai rasa tsohonsa ba.

Baban Khalil:

Wannan janyewa ce aka sa wa riga. Yara 'yan mataki na 3 su sami mai sihirin mataki na 9 yana jiransu a bakin hanya? Gara ma ya fito ya ce na fasa.

Anti Zee:

A nan kam na yarda da Yallaɓai, amma ta ɗaya gefen. In akwai shakka a kan ko ya mutu, me ya sa za a ɗora musu bashin 500? A koma daidai lokacin bugun. Tanko yana ƙasa sumamme, dodo yana tsaye a kansa, layi ya ci gaba. Zai iya mutuwa har yanzu, in dodon ya sake bugunsa faɗuwa biyu ce, ko ma ya tafi gaba ɗaya in bugun ya kai 17. Amma a bar dais ta yanke da lambobi na gaskiya. Sannan kafin a fara, ku zauna ku tsayar da bugu ɗaya, kuma duk mai jinin aro ya ajiye wake ko tsakuwa a gabansa kowa na gani.

Mai Warkarwan Teburin:

Assalamu alaikum. Ni ne mai warkarwa da ake magana, wani ya turo mini. Jagora, ban zo don in kunyata ka ba. Na ji abokinka da kunnena ya ce False Life, kuma na ga ya ɗauki d4, domin sai da ya nema a ƙarƙashin teburi. Abin da ba zan rantse a kai ba shi ne kafin Magariba ne ko bayanta. Gurbi biyu ne suka rage mini, shi ya sa na riƙe. Kuma gaskiya da ka ce hutu ya lalace, mu duka mun ɗauka har dais ɗin warkewa ba a taɓawa. Ban san ana iya yi ba sai yau da na karanta bayanin Anti. Shi kuma ba mutuwar ce ta fi ƙona masa rai ba. Ya ce da ya fara magana ka ɗaga masa hannu ka ce "an wuce wurin".

Jagora Sabo:

Na ɗaga hannu ne domin mutum uku suna magana lokaci ɗaya, kuma yayana ya riga ya leƙo sau ɗaya saboda hayaniya. Kai ma shaida ne ba ka san lokacin ba. To ni da nake riƙe da dodo da taswira da jinin kowa, ni zan sani? In na koma baya yau, ranar da ɗan sari-ka-noƙenmu ya faɗi shi ma zai ce a koma. Kuma ku duka kuna mantawa sun ga ƙasusuwan nan sun shiga.

Na gode wa kowa, zan yi tunani. Wataƙila in bi ta Ummu Sihiri, wataƙila in bar shi yadda yake. Amma akwai wata tambaya: da a ce suma ya yi, ɗan sari-ka-noƙen yana da kwalbar magani ɗaya, zai iya ɗura wa wanda ya suma? Kuma aikinsa na zagayen gaba ɗaya zai ci ko ƙaramin aiki? Domin shi ma yanzu ya fara cewa na hana shi.

Baban Khalil:

Cikakken aiki. Babu wata magana.

Anti Zee:

A 2014 cikakken aiki, a 2024 ƙaramin aiki, sha ko ɗurawa. Shi kuma wanne yake karantawa?

Mai Warkarwan Teburin:

A waya shi ma yake dubawa. Jagora, Asabar ɗin akwai wasa ko babu? Domin teburin a gidansu yake.